Sautin Da Ya Ƙi Lilo

"Ba haka ba, Rekiya! Ki bar sautin ya yi lilo... a hankali."

Ta sake buɗe baki. Muryar ta fito a sandare.

Nadim ya ɗauke yatsunsa daga tanpura, molon nan na Indiyawa mai dogon wuya, ya zuba mata ido. Ba'indiye ne Musulmi, shagon jakunkunansa na jikin na yayanta Shitu a kasuwar Shiling, can ƙasar waje. A nan ta fara jin yana riƙe sauti ɗaya, ya karkaɗa shi sama kaɗan, ƙasa kaɗan, bai bari ya faɗa kan na kusa ba. Sunan wannan lilon andolan, in ji shi. Tun tana yi masa dariya har ta iya. Har ya zauna gaban Shitu ya nemi aurenta da Hausarsa ta kame-kame, aka ce sai an gama wasannin Olamfik.

"Masoyiyata, me ya faru? Jiya ma ba ki ɗauki wayata ba."

"Anti Zulaiha ta rasu."

"Innalillahi! Yayarki? Yaushe?"

"Shekaranjiya. Wajen haihuwa."

Ta faɗa kamar mai ba da labarin wasu. Tun da aka bugo daga Kano ba ta zubar da hawaye ba, ba ta ji yunwa ba.

"Ta bar jaririya, da 'yan biyu. Umma ba ta gani sosai. Jibi zan tafi."

"Sai ki dawo..."

"A'a. Ni zan riƙe yaran."

"To ni zan zo Kano!"

"Babanka fa? Wa zai riƙa ɗaga shi yana kwantarwa?"

Ya juya wajen labulen ɗakin ciki, inda tsohon da ya koya masa waƙa yake kwance, ɓarin jikinsa a shanye. Hawaye suka gangaro masa. Rekiya ta tsaya tana kallon su, tana jira ta ji wani abu a ƙirjinta. Shiru.

Ta gyara mayafi ta sauko.

Shitu na cikin tasi a bakin titin Huanshi, motoci na wucewa da 'yan tutocin Olamfik.

"Kin gaya masa?"

"Na gaya masa, Yaya."

"Me ya ce?"

Ta jingina kanta da gilas, ta ƙago masa amsa.

"Ya ce in sa wa jaririyar albarka."