Muryar Maikuɗi a Rijiyar Kwari

A shekarar da manya ke can Yamai suna Taron Ƙasa, rediyo na ta zancen 'yanci, ni da Tala ruwa muke ja wa gidan gyaran hali. Gidan wani tsohon siton gyaɗa ne a bayan Agiye. Ni jandarma suka tare da fetur na fasa-ƙwauri a hanyar Gazawa. Tala ɗan Sae Sabuwa ne, ƙarami a kaina, akuya aka ce ya kora.

Gyaran halin nasu bai wuce kalma guda ba. Kowace magariba gardinmu Maikuɗi, mai tsaronmu, zai jera mu yana kiran suna, kai kuma ka ce "firezan", wato ina nan, irin na 'yan lakol, makarantar boko. Ka yi jinkiri, ka sha dorina. In ba a ji ka ba, an ɗauka ka gudu, sai babban kaso cikin manyan ɓarayi. Ni nakan ja kalmar da gangan don in ba shi haushi. Tala kuwa duka ya riga ya shige shi, ko cikin barci ka kira shi sai ya amsa.

Ran nan ruwa ya ƙare, Maikuɗi ya kora mu rijiyar kwari rana na faɗuwa. Na ce masa ko jaki ba a kai wa can a wannan lokaci. Ya ce ai mu ba mu kai jaki daraja ba.

Kwarin ya yi tsit. Ko kwaɗo babu mai kuka. Na saki guga, na ji ya taɓa ruwa. Sai wani wari ya taso, kamar gashi a wuta.

"Lurwanu."

Sunana ne, muryar kuma ta Maikuɗi ce, har da kakin da yake yi kafin ya kira suna. Amma daga cikin geron da ke gefen rijiyar ta fito, ba daga wajen gida ba.

Tun ina rarrafe gwaggota ta hana ni amsa kiran magariba in ban ga mai kira ba. To amma in Maikuɗi ne ya biyo sawunmu, shiruna kaso ne. Tsoro ya kama ni, haushi kuma ya fi shi.

Tala ya raɗa mini, "Shi ne hwa. Mu amsa."

"Kak ka amsa. Shi hito mu gan shi."

Gero bai motsa ba. Igiyar hannuna ta fara nauyi.

Wani abu na hawowa.

An sake kaki. Wannan karon daga cikin rijiya.

"Tala."

Na kai hannu bakinsa, amma kalmar ta riga ni. Na ji ta zame tsakanin yatsuna, da ɗuminta.

Jikinsa ya yi sanyi, ya sulale.

Na saki igiya. Ban ji faɗuwar guga ba.

Na ce wa bakin rijiyar, "Mai dorina ma bai samu amsata da daɗi ba, balle kai. Kira har safe."

Na saɓa Tala a kafaɗa na zura. Sunana na bina. Daga nesa, sannan kusa, sannan a ƙeyata, da huci mai zafi. Na cije leɓe har na ji gishirin jini. Ban waiga ba sai da na faɗi a ƙofar gida.

Tala ya farfaɗo, amma in ya buɗe baki iska kawai ke fita. Maikuɗi ya ce iskanci ne, dorina za ta warkar da shi.

Washegari da magariba ya jera mu. Tala na tsaye kusa da ni. Maikuɗi ya yi kaki, ya kira shi.

Daga can kwari, da siririyar muryar Tala, aka ce, "Firezan."

Kowa ya ji. Maikuɗi ya daure ya kira na gaba, shiru. Ya kira wani, shiru. Ya ɗaga dorina ya tsaya a kaina. Na ce masa ga mu nan gabansa, in yana so ya ƙirga mu da ido, amma bakinmu ya gama amsawa. Dorinar ta daɗe a sama, sannan ta sauka a gefensa. Daga ranar ba a sake kiran suna a gidan ba.

Bayan kaka aka sallami Tala, don ba su san yadda za su yi da shi ba. Uwarsa ta iso da la'asar sakaliya, a amalanke. Tana hango shi ta buɗe baki za ta kira ɗanta.

Maikuɗi ne da kansa ya tare ta da gudu. "Don Allah, Inna, kak ki kira shi. Kama hannunsa kawai."