Maraƙin Da Ya Lashi Hannun Auta

Ranar da wani saurayi mai gonar shanu ya fara zuwa ɗakin binciken cututtukan dabbobi, da akwatin ƙanƙara a hannu da takalmin roba a ƙafa, Auta ba ta ko bari ya ƙarasa sallama ba.

"Tsaya nan! Kada ka ƙetare jan layin nan, don Allah!"

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama kamar zakara. "Ikon Allah. Jinin shanunmu na kawo a duba, baiwar Allah, ba sata na zo ba."

Dariya ta kufce mata a cikin takunkumi. Ta karɓi akwatin, shi kuwa ya ƙi tafiya. Ya manna ido a gilashi yana kallon kwalabe masu faɗi da jan ruwa a ciki.

"Waɗannan fa?"

"Ƙwayoyin halitta nake rainowa. Ina sa su su ƙera mini wani sinadari, furotin, irin na jikin bairos, wato ƙwayar cutar da ke sa wa shanu ciwon baki da ƙofato. Da shi muke gane saniyar da ta kamu. Ina ba su abinci, ina sa su a ɗumi, in na makara su yi fushi su mutu."

"Ashe ke ma makiyayiya ce," ya ce. "Naki garken dai ba ya kashi."

Daga ranar ta zama Makiyayiyata, shi kuma Mai Madara. Jinin shanun lafiya lau ya fito, amma bawan Allah sai ya riƙa samun dalilin dawowa, har mai gadi ya daina tambayarsa wajen wa ya zo.

"Makiyayiyata, kin ba garkenki abinci? Ke fa, kin ci?" Haka saƙonsa yake shigowa kullum da hantsi.

"Sun ci, ni ina jiran mai madara ya tuna da ni."

Aikin nata yana da doka guda mai tsanani. Furotin shi kaɗai ba ya cutar da komai. Sai dai lokaci lokaci dole ta shiga ɗakin ciki, inda bairos mai rai yake, don ta gwada ko abin da ta ƙera ya yi daidai. Wanda ya shiga can sai ya yi wanka ya sauya kaya daga sama har ƙasa, kuma ba zai kusanci dabba mai ƙofato ba sai wasu kwanaki sun wuce, don cutar tana iya maƙalewa a gashi ko a hanci ba a sani ba. Garken da ta shiga kuwa, hukuma ba ta tsayawa lallashi. Karkashe shi ake yi.

Dokar nan ita ta ɓata ta a gidan su Mai Madara. Duk zuwan da ta yi gaisuwa, a bakin ƙofar gona take tsayawa, daga can take durƙusawa. Ya yi bayani har ya gaji, babu wanda ya saurara.

"Ƙyamarmu take yi," in ji mamarsa. "Warin shanu ne ba ta so."

Babansa, wanda ya tara garken nan saniya bayan saniya tun yana saurayi, nasa ya fi zafi. "Ko ƙyama ce ko cuta ce a hannunta, duk ɗaya. Ga 'yar gwaggonka nan, tatsa take kamar inji. Me zan yi da surukar da ba ta iya shiga gidana?"

Maganar ta dawo kunnen Auta, ta yi mata ciwo ƙwarai. To, ranar wata Asabar sai ga saƙo daga Mai Madara: "Baba ya ce ki zo yau. Ina ganin ya fara saukowa." Kwanakinta ba su gama cika ba, saura kaɗan. Ta san haka sarai. Amma ba ta faɗa masa ba, don ta gaji da zama mai girman kai a idon mutanen da take so su so ta.

Ta je da niyyar tsayawa a tsakar gida. Ina! Tana durƙushe gaban Baba sai ga wani jan maraƙi ya kwance, ya zo ya tura hancinsa a tafin hannunta. Kowa ya zuba mata ido. 'Yar gwaggon tana gefe da bokitin madara, tana jira ta ga ta zabura.

Auta ba ta zabura ba. Ta bar shi ya lashe hannun tas, har ta sosa masa wuya.

"A'a!" Mama ta tafa. "Ashe dai tana taɓawa!"

Baba ya yi murmushi, kuma shi ne na farko da ta taɓa gani a fuskarsa. Ta koma gida da murna rabi, tsoro rabi.

Tsoron ne ya ci. Bayan 'yan kwanaki, tana tsaye gaban akwatin ɗumi da kwalba a hannu, waya ta yi ƙara. Saƙon Mai Madara ne.

"Abokinki jan maraƙi ya ƙi shan nono. Sai dalalar da yawu yake. Baba ya ce ƙila haƙori ne."

Innalillahi. Ta ajiye kwalbar. Yawu! Ita da ta kwana ta tashi da hotunan wannan ciwo, ta san da yawu yake farawa. Ta dubi tafin hannunta, wankakke fes, ta ji kamar ta yanke shi ta yar. Ta hango garken Baba a kwance cikin rami, da na maƙwabta, da fuskar tsohon nan da ya yi mata murmushi sau ɗaya tak.

Babu wanda ya san kwanakinta ba su cika ba. In ta yi shiru, ƙila haƙorin ne. In kuma ba shi ba ne, gobe motar madara za ta zaga gonaki da cutar a tayoyinta.

Ta kira Mai Madara. "Kada ka bar ko saniya ɗaya ta fita. Kada mota ta shiga. Na zo gidanku ban cika kwanakina ba."

Ya ce, "Auta, me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Bai ce Makiyayiyata ba. Wannan ma ta ji shi har cikin ƙashinta.

Daga nan ta wuce ofishin Farfesa, shugabarsu, ta faɗi komai a tsaye. Farfesa ta cire tabarau. "Ke? Ke da nake kafa misali da ke?" Nan take ta karɓi katin shigarta, ta ɗaga waya ta kira likitocin dabbobi.

Kafin la'asar an zagaye gonar da igiya. Mutane cikin fararen kaya suka ɗebi jini da yawu. Madarar ranar a ƙasa aka zubar da ita, haka ta washegari. Auta ta je ta tsaya can nesa da igiyar, inda ta saba tsayawa. Baba ya fito, ya rame a ido.

"Baba, ku yafe mini. Ni na jawo."

"Waye ya tona ki?"

"Babu kowa, Baba. Ni na kai kaina."

Ya dube ta, sannan ya juya ya koma wajen shanunsa.

Kwanakin jiran nan, Allah kada ya maimaita. Abinci ya ƙi shiga. Waya in ta motsa, sai ta wawure ta. Gwajin farko bai nuna komai ba, amma aka ce sai an sake ɗibar jini, don da wuri cuta tana iya ɓuya. Saƙo ɗaya kawai ta samu daga Mai Madara: "Baba ba ya cin abinci, sai ya bi shanu yana buɗe bakinsu ɗaya bayan ɗaya. Ina fushi da ke. Ina kuma sonki. Ki yi addu'a."

Ranar gwajin ƙarshe Farfesa ta bar ta ta tsaya bayan gilashi, daidai inda Mai Madara ya tsaya ranar farko. Farantin gwajin mai ƙananan ramuka ne, kuma furotin ɗin da ke shafe a cikinsu nata ne, garkenta na kwalba ne ya ƙera shi. Jinin da ke da cuta, raminsa zai rine ya koma shuɗi. Ta san aikinta ba ya ƙarya, kuma yau wannan ne abin da ya fi ba ta tsoro.

Abokiyar aikinta ta ɗiga ruwan ƙarshe. Ramin da aka sa wa jini mai cutar da gangan don shaida ya rine. Auta ta manna ido a gilashi. Ta bi sauran da ido, layi bayan layi, har na jan maraƙi.

Fari tas, kamar ruwan sha.

Ta sulale ƙasa tana kuka tana hamdala. Ashe guntuwar wayar ƙarfe ɗan banzan ya tauna, ta soke shi a ƙasan harshe. Sai da kumburin ya sauka aka gan ta.

Da aka kwance igiya, Baba da kansa ya aiko a kira ta. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Kwanakinki sun cika?" ya tambaya.

"Sun cika, Baba. Ai an ma dakatar da ni daga ɗakin ciki."

"To shigo." Ya gyara murya. "Ranar da kika taɓa maraƙin nan na ji daɗi, ashe ranar ce kika cuce ni. Duk ranakun da kika tsaya a ƙofa ina zaginki, ashe garkena kike tsarewa. Mu muka tura ki. Daga yau, duk ranar da kika tsaya a waje, ni zan kawo miki kujera."

Mama ta share hawaye da bakin mayafi. Mai Madara ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce a hankali, "Sannu da zuwa, Makiyayiyata."

Aka ɗaura aure bayan Farfesa ta huce ta mayar mata da katinta. Baba ya ba amarya jan maraƙin kyauta, ya ce tunda shi ya lashi hannun, sai ya ci gaba da ci daga cikinsa. Kujerar ma ya cika alkawari, tana nan a bakin ƙofar gona ƙarƙashin inuwa. In ka ga amarya a kai, ango na gefe yana miƙa mata kofin madara, to ta shiga ɗakin ciki ne, kuma duk gidan babu mai cewa ta matso.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, ya tsare garken waje da na kwalba.