Wa'adin Kwana Uku

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar a wani ƙauye kusa da Abu Hujar, a ƙasar Sudan. Gidansu ba shi da nisa da titin kwalta.

Shekarar da yaƙi ya kori mutane daga Wad Madani, wasu iyalai suka sauka a bakin titin. Ba su da dangi a ƙauyen. Suka kafa rumfuna da buhuna da karan dawa. Wasu ma a gindin bishiya suke kwana. Manyan motoci na wucewa dab da tabarminsu.

Cikinsu akwai Hafsa da kakarta, Hajja Barakatu. An sa Hafsa a makaranta, benci ɗaya da yarinyar.

Ran Alhamis, mahaifin yarinyar, Malam Sharfuddeen, ya aike ta gonarsu ta bakin kogi ta tsinko kuɓewa. Ya ja mata kunne ta ɗaure ƙofar shinge in ta fito. Amma tana fitowa ta hango ƙawayenta suna wasa. Ta ruga wurinsu, ta bar ƙofar a buɗe.

Awaki suka shiga. Suka cinye kuɓewa, suka tattake albasa.

Da mahaifinta ya tambaye ta, sai tsoro ya kama ta.

"Na ɗaure, Baba," in ji ta. "Amma na ga mutanen bakin titi suna yawo a wurin."

Malam Sharfuddeen ya fusata. Ya kai ƙara wurin lajnar ƙauye, wato dattawan da ke duba al'amuran gari. Kafin la'asar magana ta bazu. Wannan ya ce kazarsa ta ɓace, wancan ya ce an ɗebe masa itace. Lajna ta rubuta wa hukuma.

Ran Lahadi wani jami'i mai suna Abdulƙadir ya zo daga ofishin mahaliyya, wato ƙaramar hukuma. Ya manna takarda a jikin bishiya. An ba mutanen kwana uku su tashi.

Washegari Hafsa ba ta zo makaranta ba. Yarinyar ta kasa zama wuri ɗaya. Ta buɗe littafi, ta rufe. Sau biyu ustaza, malamar ajinsu, tana kiran sunanta ba ta ji ba.

Da aka tashi, ta bi ta bakin titi. Ta tarar da Hajja Barakatu tana ƙulle tukwane a cikin zane. Ta gaishe ta, ta tambayi inda za su.

"Allah ne masani, jikata," in ji tsohuwar. "Ƙafafuna dai sun gaji da tafiya."

A gida yarinyar ta kasa cin kisira, wainar dawa da aka ajiye mata. Ta fita zaure, ta dawo, ta sake fita. Mahaifiyarta Hadizatu ta ajiye tsintsiya ta kira ta.

"Zo nan. Tun jiya nake kallonki. Me ke damunki?"

Yarinyar ta fashe da kuka. "Inna, ni na bar ƙofar a buɗe. Ban ga kowa a gonar ba."

Hadizatu ta ce dole mahaifinta ya ji da bakinta.

Malam Sharfuddeen bai ɗaga murya ba. Ya ce kuɓewa za ta sake fitowa, amma ta sa ya zargi bayin Allah da abin da ba su yi ba. Shi ma ya yi laifi, da bai bincika ba. Ya ce ta shirya, gobe tare za su tafi.

Da safe suka hau motar Abu Hujar. A ofis, yarinyar ta faɗi komai.

Abdulƙadir ya saurare ta har ƙarshe. Ya ce ƙarar ce ta sa aka ba da wa'adin, yanzu zai janye takardar. Amma ya ce bakin titi ba wurin kwana ba ne. Mota na iya ƙwacewa, ga yara ƙanana, ga damina na zuwa. Sai ya dubi mahaifin yarinyar.

"To, Malam, in ba korarsu kuke so ba, ina za ku sa su?"

Ran Laraba Abdulƙadir ya zo ƙauyen. Aka zauna da lajna, da mutanen bakin titi su ma. A gaban kowa yarinyar ta nemi gafarar Hajja Barakatu. Mahaifinta ma ya nema. Tsohuwar ta dafa kan yarinyar ta ce ta yafe.

Aka daɗe ana shawara. A ƙarshe lajna ta ba da filin bayan masallaci, kusa da famfo. Hukuma ta kawo tantuna. Matasa suka kwashe kaya a keken jaki.

Sati biyu yarinyar tana zuwa gona bayan makaranta, tana taya mahaifinta sabuwar shuka. Wannan ne horonta. Hafsa takan raka ta, suna tafe suna bitar karatu.

Daga nan ba ta ƙara ɗora laifinta a kan wani ba. Ta gane cewa ƙaramar ƙarya tana iya raba mutum da wurin kwanansa. In ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya da wuri.