Kafaɗar Sarkin Tsani

"Wa ya aiko ki ki auna min gida?" Da haka na tari malamar asibitin da autarmu ta kawo.

"Baba, dubawa kawai za ta yi, kar Inna ta faɗi," in ji auta.

Ni za a yi wa lacca a kan faɗuwa? Ni, Sarkin Tsani! Ban yi boko ba, amma rabin rufin unguwar nan aikin hannuna ne. Na taɓa rikitowa daga saman bene, na tashi na karkaɗe wandona. Tun da ƙafafun tsohuwata, uwar 'ya'yana, suka yi rauni, kafaɗata ce sandarta daga gado zuwa banɗaki.

Na san abin da ake ƙullawa. Auta ta rantse in malamar ta ce da hatsari, ɗauke uwarta za ta yi. Gidan mijinta kuwa gado ɗaya ya rage, a ɗakin 'yan mata. Ni babu wurina.

Malamar ta leƙa ko'ina. Wai dardumar tsakar ɗaki na zamewa, ƙwan fitilar lungu ya mutu, dokin ƙofar banɗaki ya yi tudu.

"Inna, kin faɗi a bana?" ta tambayi tsohuwata.

Na riga na kitsa mata amsa. "Ko sau ɗaya," ta ce, kanta a sunkuye.

"To Baba," in ji malamar, "tunda kai ke riƙe ta, zauna nan. Harɗe hannuwa a ƙirji, ka miƙe ba dafawa."

Na yi dariya, na yunƙura... gwiwa ta ƙi. Na sake, ɗakin ya juya min, na koma daɓas.

"Kujerar ce ta yi ƙasa!"

Tsohuwata ta daɗe tana kallona, sannan ta naɗe hannun rigarta, ga kumburi baƙi ƙirin.

"Ƙarya na yi, 'yar nan. Shekaranjiya mun faɗi, mu biyu. Shi ya shiga ƙarƙashina don kar in bugu."

"Haba yarinyata! Ni za ki tona?"

"Sarkina... na ji ƙarar kanka a siminti." Hawaye ya zubo mata. "In na zauna, ni zan kashe ka. Gara in yi kewarka kana numfashi."

"Wallahi zan iya! Zan..."

"Na sani. Shi ya sa."

Auta ta haɗa mata kaya tana kuka. Har bakin mota na kai ta, a kafaɗata, ban bar kowa ya taɓa ta ba.

An zo an kafa min ƙarfen dafawa a banɗaki. Aikin 'yan koyo, a karkace ma yake.

Har yau da ƙarfina, kowa a unguwar nan ya sani. Sai dai kullum da safe in na iso dokin ƙofar nan, sai in rage tsawo, in karkata kafaɗa, in ce, "A hankali, ɗaga ƙafa."

In tsaya ina jiran nauyinta.