Ita Aka Zaɓa

Nana Khadija tana tsakar gida tana dama fura wayarta ta yi ƙara. Ta karanta saƙon, ta ruga ɗaki da ludayi a hannu.

"Abban Madina, sun ɗauke ni! Duba taka wayar, ƙila kai ma an turo maka."

Mijinta Abubakar Sadiƙ bai ɗago ba. Nasa saƙon ya shigo tun safe, ya ɓoye mata. "Ni sori suka ce min. Allah ya sa alheri."

Tun suna jami'a a nan Keffi suka tsara rayuwarsu: su yi aure, su ƙware a harkar tafiyar da kasuwancin ƙasa da ƙasa, su riƙa fitar da riɗin Nasarawa zuwa waje. Tare suka nemi gurbin horo na shekara guda a Turkiyya, a wani kamfanin fitar da kaya. Shi ne ma ya koya mata yadda ake amsa tambayoyin intabiyu. Ga shi ita aka zaɓa.

Daga ranar gidan ya canja. In ta buɗe laftof sai ya yi tsaki. In manajan kamfanin ya kira, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana jin yadda turanci ke zuba a bakinta, zuciyarsa na tafasa.

Yayarsa Habiba ta ƙara hura wutar. "Kai za ka zauna a nan unguwar Jigwada kana renon Madina, matarka tana can tana dariya da masu kwat? Ranar da ta dawo, ko gaisuwa sai ka cika fom."

Da yamma ya ce wa Nana, "Ba za ki je ba."

"Amma tare muka..."

"Na gama magana."

Ta yi kuka har idanunta suka kumbura, amma ba ta kai ƙara gidansu ba. Ta ci gaba da girkinta da gaisuwarta. Abu ɗaya ta roƙa: "Bar ni in kai ƙarshen wata kafin in ba su amsa. In har lokacin ranka bai kwanta ba, na haƙura. Kai na fara zaɓa kafin Turkiyya."

Ranar kasuwa mahaifinsa, Baffa Ɓoɗejo, ya biyo daga ruga. Nana ta durƙusa ta gaishe shi, ya ga yadda ta rame. Ya ja ɗansa gindin mangwaro, ya saurari bayaninsa har ƙarshe.

"Ka taɓa kama ta da wani abin kunya?"

"A'a, Baffa."

"To faɗa min gaskiya. Mazan waje kake tsoro, ko baƙin cikin an ɗauke ta an bar ka?"

Sadiƙ ya sunkuyar da kai.

"Innarka ta fi ni iya ciniki. Masu sayen nono da mai ita suke nema, ba ni ba. Da na tsare ta a ruga don haushi, da ba ka ga ƙofar jami'a ba."

Sadiƙ ya shiga kicin ya tarar da Nana tana yanka albasa. "Maman Madina, ba kishin so na yi ba, hassada ce. Ki yafe min."

Ta ajiye wuƙar, hawaye na zuba. "Ai ban riƙe ka ba."

Da kansa ya raka ta filin jirgi a Abuja, Inna ta karɓi Madina. Shekarar bai zauna ba. Ya riƙa hawa babur zuwa ƙauyen Agwada, ya haɗa kan manoman riɗi, ya koyi tacewa da adanawa. Nana ta dawo da mai saye, ta tarar da kaya a shirye. Ranar da tirelarsu ta farko ta tashi zuwa Legas, har Habiba ta zo da ɗanta tana nema masa aiki, Nana kuma ta karɓe shi da fara'a.

Wanda ya ɗauki nasarar matarsa a matsayin faɗuwarsa, gidansa yake rusawa da hannunsa. Haƙurin Nana ne ya bai wa mijinta lokacin gane hakan, kuma su biyun suka ci riba.