Lomar da Alƙasim Ya Rage

Bayan girbi, shekara bakwai da wucewar yunwar da farin ɗango suka jawo, Alƙasim ya tsallako daga Gwadabawa, ƙasar mulkin Ingilishi, ya zo hutawa wajen yayarsa Mairamu da ke aure a Garhanga, ƙasar mulkin Faransi. A da in ana zancen masu bakin cin daɗi, shi ake fara kira, don mutum ne da kan yi tafiyar yini saboda kilishi. Amma tun rasuwar matarsa Salamatu harshensa ya mutu, ba ya jin ɗanɗanon komai. Yakan tauna ya haɗiye kawai.

Mairamu ta ce ya tafi kasuwar Buza ya ci abincin ƙasarsu ta Adar, ko bakinsa ya dawo. Ya tafi, don ba shi da ƙarfin musu. Ya ci kilishi, ya ci cuku, ya sha fura da nono. Duk kamar ƙaiƙayi.

Rana na faɗuwa ya kamo hanya bisa jaki. Cikin duwatsu, inda hanya ke bi ta wani kufai, jakin ya tsaya ya ƙi gaba. Sai ƙamshi ya zo: man shanu mai zafi, da gabu, busasshen ganyen albasa. Yawu ya cika masa baki. Rabonsa da haka wata goma sha ɗaya.

Gindin wani rusasshen rumbu wata mata na zaune gaban tukunya, mayafi ya rufe mata fuska. Wuta na ci, ba hayaƙi. Ba ta amsa sallama ba, ta dai turo masa akushin dambu.

Ya kai loma. Ya ji gishiri, ya ji yaji, ya ji man har ƙeya. Bai yi murna ba, bai yi tsoro ba. Ci kawai yake yi, hawaye na bin gemunsa.

Can ya lura ba kukan tsuntsu, ba na gyare. Daga loma zuwa loma ƙafafunsa na yin sanyi, suna nauyi, kamar ana cika su da yashi. Ya sani. Bai damu ba.

Saura loma guda. Hannunsa ya tsaya da kansa, don tun yana ƙarami uwarsu ta hore su cewa baƙo ba ya suɗe akushi, yakan rage wa yaran gida.

"Canye, baƙo," in ji matar, a hankali. "In ka canye ka zama namu. Ba ka ƙara jin yunwa."

Ya so ya cinye. Wallahi ya so. Bakinsa ne ya faɗi abin da ya saba.

"Na raga ma yara."

Matar ta waiga.

Cikin rumbun wani abu ya motsa.

Sai numfashi, ƙanana, da yawa. Sai sawu bisa tsakuwa, marasa nauyi. Akushin ya kife, ana jansa nan da can, farata na kankarar itace. Bai ga kowa ba.

Matar ta juya tana raba masu kokawar lomar.

Ya ja jiki da gwiwar hannu har ya kama wuyan jakin.

Da Mairamu ta ji, ta ce shekarar fara mutanen wancan kufan suka rufe ƙofofi suka kwanta jiran mutuwa, yaransu suka riga su tafiya.

Ƙafafunsa sun warke, harshen bai dawo ba, sai a wuri ɗaya. Kowane akushi aka aje masa, lomar ƙarshe kan tashi da ƙamshin man shanu da gabu. Mairamu kan zauna kusa, da ta ga hannunsa ya nufi lomar sai ta janye akushin.

Damina ta kawo kai, mijin Mairamu ya tambayi Alƙasim yaushe zai koma, gonarsa na jira. Ya dubi abin da ya rage a akushi, ya daɗe.

"Can gida," ya ce, "ni ɗai nika ci."

Ba a sake yi masa zancen komawa ba.