Fiton Driss a Maɓalli na Tara

Ranar Talata ce, saura kwana huɗu wasan. Magariba ta kawo jiki a Rotterdam da yayyafin nan na watan Oktoba, wanda ba ya jiƙa mutum sosai, sai dai ya ɓata masa rai. Hilde ta taso daga tuƙin jirgin titi, wato ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, ta ɗora dankali a wuta, ta ja kujera gaban na'urorinta biyu na haɗa kiɗa a kan teburin cin abinci. Rabon da a ci abinci a teburin nan an fi wata uku. Ita da 'yarta Ilham a tsaye suke ci, ko a cinya.

Marigayi mijinta Driss ne ya laƙaba wa na'urorin suna. Ta farko mai maɓallai goma sha shida, wadda ke haɗiye sauti ta yanyanka shi, ya ce Mahauci. Ta biyu mai jera yankakkun a kan bugu tana maimaitawa, ya ce Tela. Ranar Asabar Hilde za ta ɗauki Mahauci da Tela ta hau dandamali a bakin tashar jiragen ruwa, minti arba'in, komai da hannunta. Shi ne karo na farko tun rasuwarsa, shekara uku ke nan.

Duk wasan a kan abu ɗaya ta gina shi, wato sautin da ke maɓalli na tara na Mahauci. Kwana goma sha ɗaya kafin zuciyar Driss ta tsaya yana kan kekensa, sun saci jiki su biyu cikin wani tsohon rumbun alkama da aka daɗe da watsarwa a bakin kogi. Ta kunna abin ɗaukar sauti, shi kuma ya yi fito. Rumbun ya amsa masa da wata irin amsa doguwa mai daɗi, har tsikar jikinta ta tashi. Ɗaukar minti biyu ce, amma daƙiƙa shida na farko kawai ta yanko. Sauran ba ta taɓa saurare ba, ba ta kuma da niyya. Tsoro take ji, domin a ƙarshen ɗaukar nan ya yi magana, ita kuma ta manta me ya ce.

Tana da wata ɗabi'a ta masu sana'ar. An taɓa ɗauke wuta ta yi asarar aikin sati biyu, tun daga nan in tana haɗa wasa ba ta kashe Tela. Sai ta rage murya har ƙasa ta bar shi yana zagayawa. A yammacin nan kwana tara ke nan fiton Driss yana farawa yana katsewa, yana farawa yana katsewa, ba tare da kowa ya ji ba.

Ko da yake ashe akwai mai ji.

Ƙas, wani abu ya bugi gilashin taga. Hawa na huɗu suke, babu bishiya, babu baranda. Ƙas. Ƙas. Ƙas. Hilde ta leƙa, titi wayam, sai kekuna a jiƙe. Tsakuwoyi ƙanana na tahowa daga sama suna bugun gilashin ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta riga lokacinta. Ƙafarta ce ta fara ganewa kafin kanta, don ta tsinci kanta tana buga ƙasa tare da su. Saurin wasanta ne daidai.

Ta koma teburi a hankali, ta murɗa abin saurin Tela baya. Jifan ya yi sanyi. To, Hilde irin matan nan ce da in tsoro ya kama su sai ya zame musu fushi. Ta murɗa shi gaba har ƙarshe, tsakuwa ta zubo kamar ƙanƙara, gilashin ya tsage daga sama har ƙasa.

"Mama, me ya fashe?" in ji Ilham daga ɗakinta.

"Ba komai. Zo ki ci abinci."

Da suka buɗe tukunya babu dankali ko ɗaya. Alkama ce cike, tsohuwa, baƙa, tana warin ruɓa.

Washegari da magariba abin ya shigo ciki. Ilham, 'yar shekara goma sha shida mai surutun tsiya, ta fito tana neman wayar cajinta.

"Mama, ina kika ajiye min…"

Ta tsaya. Kanta ya koma inda ya faro, hannunta ya sake ɗagawa.

"Mama, ina kika ajiye min…"

"Ilham, ba na son shashanci, na gaji."

"Mama, ina kika ajiye min…"

Duk daƙiƙa shida. Idanun yarinyar na zubar da hawaye, bakinta kuma ya ƙi wucewa. A ƙarƙashin muryarta akwai wata murya mai kauri, ta tsohuwar mace, tana fara wata kalma tana katsewa. Hilde ta fizge wayar wutar Tela daga bango. Fitilunsa goma sha shida suka ci gaba da bin juna kamar ba a yi komai ba. Sai da duhu ya gama rufewa Ilham ta zube a ƙasa, ba ta tuna komai ba.

Ranar Alhamis likitan unguwa ya duba ta ya ce gajiyar karatu ce, ta rage kallon waya. Da magaribar ranar abin ya dawo, ya fi na jiya daɗewa. Nan Hilde ta haɗiye girman kanta ta kira surukinta.

Si Lahcen, mahaifin Driss, ya yi shekara talatin yana sauke kaya a tashar jiragen ruwa, amma kafin nan ya yi karatu mai zurfi a garinsu can Maroko, kuma mutanen unguwa sun san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa in abu ya fi ƙarfin asibiti. Shi da Hilde ba sa faɗa, ba sa kuma shiri. Kiɗanta a wurinsa ƙarar injin wanki ne. Ranar Juma'a da la'asar sakaliya ya hawo benen yana haki, da gorar ruwa a aljihun rigar sanyinsa. Ta gaya masa komai, har da rumbun.

"Da magariba," ya ce. "A kango. Ɗana ya yi fito da magariba a kango, ke kuma kika ɗauka kika zuba a akwati. Ku biyu Allah ya haɗa ku, babu mai gyara wani."

"Baba, ba wa'azi na kira ka ba."

"Na sani, 'yata. Ba ki taɓa kirana don shi ba. Kawo min kujera."

Ya zaunar da Ilham a gabansa, ya ɗora hannu a kanta, ya fara karatu ƙasa-ƙasa. Hasken tagar ya yi ta raguwa. Gidan ya yi tsit, ko firij ya daina gurnani. Fitilun Tela kaɗai ke tafiya. Can sai kan Ilham ya ɗago a hankali, fuskar tata ce amma kallon ba nata ba.

"Baiwar Allah," in ji Si Lahcen, "wace ce ke, me yarinyar nan ta yi miki?"

"Yarinya ba ta yi min komai ba." Muryar ta fito da ƙyar, kamar ana jan buhu a ƙasa. "Uwarta ce ɓarauniya."

"Ni ban saci komai ba," in ji Hilde.

"Yi shiru, 'yata."

"Ba zan yi ba. A gidana take, a jikin 'yata."

Bakin Ilham ya yi wani murmushi mara daɗi. "Tun kafin a gina rumbun nan muke wurin. Ranar nan magariba ta yi, ina kiran 'ya'yana gida. Mutuminki ya yi fito, kirana ya haɗu da nasa. Kika ce amsa-kuwwa ce. Na kira biyu sun shigo, na buɗe baki zan kira autan, kika kwashe muryata kika tafi da ita. Shekara uku ina haƙuri. Sai kika yanke ni a tsakiyar sunansa, kika sa ni ina farawa ina katsewa dare da rana. Namu ba sa dawowa sai an cika sunansu. Har yau yana waje."

Hilde ta ji abin ya soke ta, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Me kike so?" Si Lahcen ya tambaya.

"Muryata. A sake ta har ƙarshe in cika kirana, in tafi da ita."

"In kin ɗauki taki, tasa fa?" in ji Hilde.

"Sun cakuɗe. Tasa za ta biyo."

"Na kwafa a katin ajiya uku."

"Ko a ɗari kika kwafa, murya ɗaya ce."

Abin da ya rage mata na Driss ke nan mai numfashi. Hotuna suna nan, rigunansa suna nan, amma ba sa motsi. Si Lahcen ya juyo ya dube ta. Ta ga idanun tsohon sun cika, ta tuna shi ma ɗansa ne, kuma bai taɓa jin ɗaukar ba.

"In kuma na ƙi?"

"Sai in zauna a nan. Bakin yarinyar ya ishe ni."

Hilde ta miƙe tsaye. Ta zagaya teburin ta tsaya gaban 'yarta, kusa ƙwarai, har tana jin warin tsohuwar alkama.

"To ki saurare ni, uwa da uwa. Na yi miki laifi ban sani ba, na yarda. Amma ke da saninki kika kama 'yar mutane. Ba zan danna komai ba kina cikinta. Ki fita tukuna. Ki tsaya a taga, ko a rufi, ko duk inda irinku ke tsayawa. Sannan ni zan danna da hannuna, ba da umarninki ba, kuma zan ji shi har ƙarshe. Ba za ki ɗauke min ko daƙiƙa ɗaya ba kafin ya gama maganarsa."

"In na fita kika ƙi fa?"

"Kin san hanyar gidan ai. Gilashina ma kin fasa shi da tsakuwa."

Si Lahcen ya yi gyaran murya, ya ce shi ne shaida tsakaninsu, kuma duk wadda ta saɓa ita da Allah. Ya sa muryar ta rantse sau uku ba za ta sake kusantar yarinyar ba. Ya yayyafa ruwan gorar. Ilham ta yi wata doguwar atishawa, ta faɗo jikin kakanta. Labulen tagar ya kumbura ya tsaya haka, alhali tagar a rufe take.

Hilde ta zauna gaban Mahauci. Ta buɗe maɓalli na tara, ta ja alamar yankan daga daƙiƙa shida har ƙarshen minti biyu. Ta ƙara murya. Yatsarta ta daɗe a sama kafin ta sauka.

Fiton ya cika ɗakin. Ya wuce inda ya saba katsewa, ya hau, ya lanƙwasa, ashe waƙa ce cikakkiya. A bayansa amsar ta miƙe, ta kira wani suna da kunnen mutum ba ya iya riƙewa, ta cika shi. Daga nesa, ta wajen kogi, wani abu siriri ya amsa. Sai takun ƙafa a kan siminti, sai dariyar Driss, kusa da abin ɗaukar.

"Hilde, ya isa haka. Kashe abin nan mu tafi gida, Ilham na jiranmu."

Shi ke nan abin da ya ce. Labulen ya saki. Fitilun Tela suka mutu. Tsohon ya rufe fuska da hularsa, Hilde kuwa ta yi kukan da ta shekara uku tana riƙewa, da ƙarfi, babu kunya. Da ta duba katunan, sunan ɗaukar na nan a duka ukun, minti biyu cif, babu komai a ciki sai shiru.

"Sai ki ce musu ba za ki zo gobe ba," in ji Si Lahcen yana ɗaura igiyar takalmi.

"Wa ya gaya maka?"

Ranar Asabar ta hau dandamali rana na shirin faɗuwa. Mutane sun cika bakin ruwan cikin rigunan ruwa. A gaba-gaba ga Ilham, ga kakanta da auduga a kunne, ya ɗaure fuska kamar wanda aka kawo wurin cire haƙori. Ganguna suka yi ta hawa, Hilde na zare wannan tana ƙara wancan, har aka iso wurin da duk wasan ke nufa. Ba ta cike gurbin da komai ba. Ta tsayar da ganguna, ta danna maɓalli na tara, ta bar shirun ya fita ta manyan lasifika. Mutane suka fara duban juna.

Sai fito ya tashi daga gaban dandamali. Ilham ce. Sau ɗaya ta ji waƙar, jiya, tana kwance a jikin kakanta, amma ta kawo ta har lanƙwasar. Magariba ce sosai. Si Lahcen ya buɗe baki zai hana ta, sai ya rufe, ya zare audugar daga kunnensa.

Makirufo na gaban Hilde, Mahauci a shirye, jan maɓallin ɗauka na ƙarƙashin yatsarta. Saboda sabo, hannunta ya kai kansa. Ta dube shi, ta janye hannun ta sa a aljihu, ta tsaya tana sauraron 'yarta har ta gama.